Abin Aski a Kan Farar Takarda

Shagon Baba Mai Agogo bai fi taku uku a tsaye da taku biyu a kwance ba. Yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin mai yankan makulli da wata mata mai sayar da zare da maɓallai. Yanzu an fitar da teburinsa, an jera rigunan wayar hannu a bangon. Watan jiya na bi ta layin, mai makulli ya tare ni ya ce, "Malam, tsohon naka ya cika. A gidan 'yarsa, da hantsi, yana zaune a kujera." Na yi masa addu'a, na ɗan tsaya, na wuce.

Sau biyar kacal na zauna a shagon nan, duk cikin kwana goma sha ɗaya, shekara biyu da suka wuce. Abin da na sani game da mutumin a wannan zaman na same shi, wani daga bakinsa, wani daga bakin maƙwabcinsa. Ina so in rubuta kafin ya cakuɗe a kaina.

Abin aski ne ya kai ni wurinsa, na ƙarfe, irin na da, wanda ake sa wa reza mai baki biyu. Kashi uku ne: mariƙi, da faranti mai haƙora kamar na mataji, da murfi mai sukuru a tsakiya. Ana ɗora reza tsakanin murfin da farantin, a murɗa mariƙin ya matse su. Na mahaifina ne. Da shi na koyi gyaran fuska, da shi na koya wa ɗana, wanda kowa ke kira Dogo tun yana firamare. Da ciwo ya kwantar da Dogo yana da shekara ashirin da bakwai, hannunsa ya daina ɗaguwa, ni nake yi masa aski duk bayan kwana uku, don ya tsani ya ga fuskarsa a madubi da gashi barkatai. Na ƙarshe ranar Talata da safe na yi masa. Na tsoma abin askin a kofin ruwan sabulu, na ɗora a kan tagar banɗakin ɗakinsa, da niyyar in dawo in wanke. Kafin azahar muna asibiti. Ranar Alhamis ya rasu.

Bayan mako guda uwarsa ta tambaye ni ko na wanke abin askin na adana. Na ce na wanke. Ban wanke ba, ban ma shiga ɗakin ba. Na koma sayen irin na roba da ake amfani da shi a yar. Shekara uku ban taka ƙofar nan ba, ita kuma ba ta sake tambaya ba. Sai da muka yanke shawarar komawa ƙaramin gida kusa da 'yarmu. Uwar Dogo ta ware akwati guda na kayansa da za mu tafi da su, ta ce, "Malam, ka kawo min abin askin nan da ka adana, in sa a ciki." Na ce sai na duba inda na sa shi. Saura mako uku mu tashi.

Ranar da ta fita unguwa na shiga. Yana nan a kofin, inda na bar shi. Rezar ta ci tsatsa ta kumbura, ta haɗe murfin da farantin suka zama dunƙule ɗaya. Wani kore-kore ya hau haƙoran, mariƙin ya tsage daga sama har rabi. A cikin kofin akwai zobe-zoben ja, wani bisa wani, ƙasansa kuma da ɗan laima. Na dubi tagar na ce feshin ruwan sama ne, ban ƙara tunani a kai ba. Abin da ke gabana ɗaya ne: kada ta gan shi a haka, ta san na yi mata ƙarya a makon da muka binne ɗanmu.

Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin gwaji na ma'aikatar ruwa. Na san abin da tsatsa take, na san abin da ke narkar da ita. Na sirka asid daidai gwargwado, na tsoma abin askin, da niyyar minti ashirin. Baƙi suka yi sallama, masu son ganin gidan. Da na dawo awa huɗu sun wuce. Farin rufin da ke jikin ƙarfen ya kwaile kamar ɓawon dafaffen ƙwai, tagullar da ke ƙasa ta fito jajawur, murfin kuwa ko motsi. Sai na ɗauko filaya. Haƙora uku suka lanƙwashe, mariƙin ya loɓa.

Washegari na naɗe shi a hankici na fita. Mai makulli na fara nuna wa, don na ga yana da matsi da magagari. Ya juya shi sau ɗaya ya miƙo min.

"Ni gaggawa ce sana'ata, Malam. Wannan sai mai haƙuri." Ya leƙa ƙarƙashin matakala ya ɗaga murya. "Baba, ga wani ya kawo maka gawa!"

Bai san abin da ya faɗa ba, ni kuma ban nuna ba.

Baba Mai Agogo ɗan ƙaramin mutum ne, siriri, ya haura saba'in. Tabaransa an ɗaure ƙafa ɗaya da siririyar waya, ɗauri mai kyau da sai ka matso za ka gani. Bai karɓi abin daga hannuna ba tukuna. Ya jawo aljihun tebur, ya zaro farar takarda sabuwa, ya shimfiɗa, ya lallaɓe ta da gefen hannu har kusurwa huɗu. Sannan ya nuna min tsakiyarta, na ajiye. Ya maƙala ɗan gilashin nan na masu agogo a ido ɗaya, ya duƙa ya daɗe.

"Wa ya yi masa wannan?"

"Tsatsa ce, Baba."

"Tsatsa ba ta da filaya."

Na ce ni ne.

"Kuma ka ba shi asid ya sha."

"Na sirka sosai."

Ya cire gilashin ya dube ni. "Malam ya yi karatu mai zurfi ko?"

Mai makulli, wanda ya jingina da bakin ƙofa, ya fashe da dariya. "Ai su ne abincinmu! Wanda bai je makaranta ba, in abu ya lalace kawo shi yake yi. Mai digiri sai ya ƙarasa shi tukuna."

"Kai da ka yanka wa mutum makulli uku ba wanda ya buɗe, ka yi mana shiru," in ji Baba, bai ko waiwaya ba. Ya juyo gare ni. "Na wane ne?"

"Na mahaifina."

"Me kake so, ya yi aiki ko ya yi kyau?"

Na ce so nake ya koma kamar ba abin da ya taɓa samunsa, kuma kafin mako biyu.

Ya ce wannan ba zai yi min alkawarinsa ba. Ya nuna min da tsinke inda matsalar take. Sukurun da ke cikin murfin bai kai kaurin ashana biyu ba, tsatsar reza ta kama shi, asid ya rage masa ƙarfi. In aka murɗa da ƙarfi zai karye a ciki, in ya karye kuwa an gama, don ba a ƙera irinsa yanzu. Ya zuba kananzir da man keken ɗinki a wani gwangwanin madara, ya nutsar da abin askin, ya rufe da murfin kwalba. Ɓurɓushin da ya zuba a kan takardar bai kaɗe ba. Ya ninke ta, ya rubuta "Malam mai asid" a baya, ya sa a ƙarƙashin gwangwanin.

"Ka dawo jibi. Ka zo da lokacinka, don ba na buɗe kayan mutum ba ya nan."

A zuwa na biyu abin bai motsa ba. Ya naɗe mariƙin da fata, ya kafa shi a matsi, ya riƙa ƙwanƙwasa gefen murfin da ɗan guntun katako, a hankali, yana zagayawa. Ya ce ba don ya buɗe yake yi ba, don man ya sami hanya ne. Kusan awa guda yana wannan. A nan na fara jin tarihinsa, gutsure-gutsure, yana magana idonsa na kan aiki.

Dako ya fara yi a tashar jirgin ƙasa, kamar mahaifinsa. Yana da shekara ashirin buhu ya faɗo masa a ƙugu, ya yi wata huɗu a kwance, ya tashi ba ya iya ɗaukar kaya. Mutumin da ke kula da agogunan tashar ya ga yana zama a ƙarƙashin babban agogo yana kallo, ya ba shi aikin goge gilashi. Shekara biyu ya yi yana gogewa kafin a bar shi ya taɓa hantsaki. Daga baya ya buɗe nasa wurin, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata biyu. Lokacin da kowane ma'aikaci ke ɗaure da agogo, har layi ake yi a ƙofarsa ranar Asabar. Da wayar hannu ta zo ta kwashe masa mutane, bai rufe ba. Ya koma gyaran ƙafar tabarau, da zif, da alƙalami, da ma'aunin masu sayar da zinariya. Matarsa ta rasu shekara takwas kafin haɗuwarmu. Babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce, kullum tana yi masa maganar ya bar shagon ya koma wurinta.

"Ta ce hannuna na rawa," in ji shi. Ya ɗaga hannun ya nuna min, yana rawa kuwa. Ya ɗauki hantsaki, rawar ta tsaya cak. "Ba ta taɓa ganina da wannan ba. A gida cokali nake riƙewa."

Na tambaye shi dalilin farar takardar. Ya yi nuni da haɓa zuwa bango. Akwai agogon hannu guda a rataye a ƙusa, shi kaɗai, nesa da sauran, yana tafiya.

A shekararsa ta biyu da buɗe shago, wata mata ta kawo agogon mijinta da ya rasu, ya tsaya. Ya gyara shi, ya ga gilashin a tsage, ya sa sabo don ya faranta mata, ya jefa tsohon a shara. Da ta zo ya miƙa mata yana jiran yabo. Ta duba ta ce ina gilashin. Ya ce ai ya fashe. Ta ce ta sani, ranar da mijin ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida ya fashe. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye agogon a kan tebur ta fita, ba ta sake dawowa ba.

"Na tona sharar layin nan kaf, ban samu ba. Shekara arba'in da wani abu ke nan. Kullum da safe nakan murɗa shi don kada ya tsaya, ko za ta aiko." Ya ci gaba da ƙwanƙwasawa. "Tun ranar, duk abin da ya fito daga kayan mutum, ko ƙura ce, nasa ne. Shi zai zubar, ba ni ba. Ni ban san abin da ke shara ba a kayan wani."

Agogon yanzu yana wurin mai makulli. Ya ce 'yar Baba ce ta bar masa, da sharaɗin kada ya bari ya tsaya.

Zuwa na uku ranar Litinin ne, wajen ƙarfe goma na safe. Baba ya ciro abin askin daga man, ya goge, ya shimfiɗa sabuwar takarda. Ya kunna wata 'yar fitila mai shuɗiyar wuta, ya gasa wuyan mariƙin kaɗan, yana ƙirgawa a ransa, leɓensa na motsi. Ya kafa shi a matsi. Sai na ga ya murɗa ta wajen ɗaurewa.

"Baba, ai matsewa kake yi."

"Na sani. Abin da ya daɗe a kame, in ka ja shi baya kai tsaye karyewa yake. Sai ka fara tura shi inda ya saba, kaɗan, sannan ka dawo da shi."

Ya matsa kamar kaurin gashi, ya dawo. Ya ɗiga mai. Ya sake matsawa, ya dawo. Ban san sau nawa ya yi ba. Na tarar ina riƙe da gefen bencin da nake zaune a kai da hannu biyu. Mai makulli ya zo ya tsaya yana kallo. Can sai muka ji wata 'yar ƙara, ƙas, na ɗauka sukurun ya karye. Baba ya ci gaba da murɗawa da yatsu biyu, mariƙin ya zagayo, ya sake zagayowa, ya fito. Sukurun na nan, baƙi ƙirin, amma cikakke.

"Allah mai iko," in ji mai makulli. "Gawa ta yi atishawa."

Baba ya sa bakin wata siririyar wuƙa tsakanin murfin da farantin, ya raba su a kan takardar. Rezar ta ruguje ta zama gari-gari. Tare da ita busasshen sabulu ya zubo, da wasu ƙananan abubuwa masu yawa, gajeru, kamar an barbaɗa. Ya maƙala gilashinsa ya duƙa. Ya daɗe fiye da ranar farko.

"Mahaifin naka yana da shekara nawa ya rasu?"

"Tamanin da ɗaya."

Ya ɗago ya dubi mai makulli. "Je ka shagonka, ga mutum can yana jiranka."

"Ba kowa fa."

"To je ka jira shi."

Da ya fita, Baba ya juyo da takardar wajena a hankali, don kada wani abu ya zube. Ya rage murya.

"Malam, gashin nan ba furfura ko ɗaya."

Na karɓi gilashin na duba. Gashin gemu ne, na kwana uku, baƙi, sabulu ya riƙe shi a ƙarƙashin murfin inda asid bai kai ba. Ni na aske shi da hannuna ranar Talata.

Na gaya masa. Ban taɓa gaya wa kowa a jere haka ba: ciwon, da kofin, da tambayar uwarsa, da amsar da na ba ta, da akwatin da ke jira. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri," sau ɗaya, bai ƙara da wa'azi ba. Ya ɗauki farantin ya juya shi a haske.

"Kai ne masanin ruwa. Kofi guda, a kan taga, kwana nawa zai yi ya ƙafe?"

"Mako biyu. Uku in ana sanyi."

"To ƙarfen nan ba jiƙa ɗaya ya yi ba. Dubi nan, hawa-hawa ne. Ya sha ruwa ya bushe, ya sha ya bushe, ba adadi."

Na ce tagar ce, tana shigo da feshi.

"Mai yiwuwa," in ji shi.

Ya ninke takardar gida huɗu, ya sake ninke bakinta yadda masu magani ke yi, ya haɗa da ta ranar farko ya miƙo min da hannu biyu. Na ce ya ajiye min tukuna. Ya girgiza kai. "Naka ne. Ba na kwana da irin wannan." Na sa a gidan tabarauna. Kwana shida tana aljihuna, ina zaune da uwar Dogo muna naɗe kwanuka a jarida.

A zuwa na huɗu ya miƙar da haƙoran da na lanƙwasa. Ya ce tagulla in ta lanƙwashe sau ɗaya taurarewa take, in ka mayar da ita a sanyi sai ta ɓalle. Ya gasa kowane haƙori shi kaɗai, ya bari ya huce, ya tura shi da tsinken katako kaɗan, ya sake gasawa. Haƙori uku suka cinye mana safiya guda. Tsagar mariƙin ya wanke ta, ya matse da waya, ya zuba dalma ta bi ta kamar zare, ya goge da magagari mafi laushi da yake da shi. Koren da ke tsakanin haƙora da tsinken sakace ya cire shi, rami bayan rami, duk a kan wata sabuwar takardar. Mai zare ta aiko mana da shayi. Mai makulli ya shigo ya sha rabin na Baba, ya ce yana taimaka masa ne saboda ciwon sukari.

Ranar ƙarshe ya ajiye min shi a haɗe. Ba fari ba ne kamar da. Ya zama ruwan tagulla, mai ɗan duhu, da sheƙi kaɗan inda ya goge da ƙyalle. Murfin cike yake da ƙananan ramuka inda tsatsa ta ci. Layin dalma na nan a jikin mariƙin, da ɗan loɓawar filaya. Ya sa sabuwar reza, ya kira mai makulli, ya kama damtsensa ya ja sau ɗaya. Gashin ya tafi sumul.

"Kai Baba! A jikina za ka yi gwaji?"

"Naka ne ya fi yawa, kuma ba ka amfani da shi."

Da muka rage mu biyu na tambaye shi ko akwai inda za a sake yi masa farin rufi. Ya ce akwai, a bayan kasuwar 'yan ƙarfe, amma rufi bin jiki yake, duk rami zai fito, har ya fi fitowa. In kuma aka goge ramukan har suka ɓace, murfin zai yi siriri, ba zai ƙara matse reza daidai ba.

"Ke nan za ta gani."

"Za ta gani. Ko ido rufe ta shafa za ta ji." Ya naɗe shi a hankicina. "Ka tambaye ni ya koma kamar ba abin da ya same shi. Abu ya same shi, Malam. Aiki dai zai yi, har ya ga jikanka."

Na iso gida bayan la'asar. Uwar Dogo na zaune a falo tsakanin kwalaye, akwatin nan a buɗe a gabanta: takardun makarantarsa, da rigar ƙwallo, da agogon tebur. Na jawo kujera. Na kwance hankicin na ajiye abin askin a kan tebur, na ciro takardun na ajiye a gefensa.

"Ban wanke ba," na ce. "Ranar da kika tambaye ni ƙarya na yi miki. Yana cikin kofin tun ranar Talatar, sai wancan makon na ɗauko shi. Na ƙara lalata shi da hannuna, wani tsoho ya gyara."

Ta ɗauka ta juya shi. Ta bi ramukan da babban yatsa.

"Na sani," in ji ta. "Washegarin da ka ce ka wanke na shiga, na gan shi."

Na ɗago na dube ta.

"Na kai hannu zan ɗauka na kasa. Da na koma bayan kwana goma ruwan ya kusa ƙafewa, sai na ƙara. Duk ranar da na shiga shara sai in ƙara." Ta ajiye shi. "In ruwan na nan, gani nake kamar ajiyewa ka yi, za ka dawo ka ƙarasa masa. Ban san yana cin ƙarfen ba. Ni na lalata shi ke nan."

"Ni na ba shi asid."

"Asid, Malam?"

"Na sirka."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, ta goge ido da bakin mayafi. Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa gaya min ba. Ta ce ni me ya sa ban gaya mata ba. Na ce to me ya sa ta aike ni in kawo abin da ta san inda yake.

"Don ba za mu bar gidan nan ba ka shiga ɗakin yaron nan ko sau ɗaya ba."

Sannan ta nuna takardun ta ce mene ne. Na ce mai gyaran ba ya zubar da abin da ya fito daga kayan mutum. Na buɗe mata ta biyun. Ta sa tabarau ta duƙa. Ba ta tambaye ni ko mene ne ba, ba ta kuma taɓa ba. Mun daɗe a haka, har hasken tagar ya bar kan teburin. Da ta gama ta mayar da ninkin yadda Baba ya yi shi, layi bisa layi, ta sa a aljihun rigar ƙwallon, ta rufe akwatin.

Abin askin ta turo min. "Wannan ba na akwati ba ne, tunda yana aiki. Ka daina yanka fuskarka da na roba."

Da shi nake aski yanzu. In na gama nakan kwance shi kashi uku, in wanke, in tsane, in jera a kan tawul. Wani lokaci in na fito nakan ga ta leƙa ta duba.

Mako guda bayan mun tashi na koma layin. Ban zauna ba, don akwai wata mata a kan bencin da tabarau a hannu, Baba na duƙe a kan farar takarda. Na yi sallama daga bakin ƙofa. Ya ɗago da gilashin a ido, ya gane ni.

"Malam mai asid. Tagar ce?"

"Ba tagar ba ce, Baba."

"To," in ji shi. Ya gyaɗa kai, ya koma kan aikinsa.